Mutum-mutumi da tausayi: tambayoyi da amsoshi

An daɗe da sanin injinan da ke ɗaukar kaya a masana'antu, suna walda, suna ɗaure kusoshi, ba ruwansu da kowa. Waɗanda ake magana a kansu a nan daban suke. An ƙera su ne domin su zauna da mutane, su dube ka in ka shigo, su karkata kai in kana magana, su yi alamar damuwa in muryarka ta raunana. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Wane irin mutum-mutumi ake nufi?

Duk wanda babban aikinsa hulɗa da mutum ce. Akwai Pepper, mai tsawon santimita 120 da allo a ƙirji, wanda kamfanin SoftBank na Japan ya fito da shi a 2014. Akwai ɗan'uwansa NAO, ɗan ƙarami mai santimita 58, da aka ƙera a Faransa, wanda jami'o'i da yawa ke gwaji da shi. Akwai Paro mai siffar jaririn wata dabbar teku, da AIBO karen kamfanin Sony, da ElliQ da ke zama kan tebur yana hira da tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Wasunsu ko fuska ba su da ita.

Da gaske yana jin wani abu a ransa?

A'a. Babu wata hujja da ta nuna cewa ɗaya daga cikin waɗannan injina yana jin daɗi, ko ɓacin rai, ko kewa. Abin da ke faruwa a cikinsa lissafi ne: kyamara ta ɗauki hoto, makirufo ya ɗauki sauti, manhaja ta auna, ta zaɓi martani daga cikin waɗanda aka tanada ko aka koya mata, sannan ƙananan injina su motsa gira ko wuya. A wasu ma akwai lambar da masu ƙira suka sa wa suna "farin ciki", tana hawa in an shafa shi, tana sauka in an bar shi shi kaɗai. Lamba ce kawai, ba ta yi masa zafi in ta sauka.

Amma wannan amsar rabin zancen ce. Abin da mutum ke ji in yana tare da injin gaskiya ne tsantsa. Tsohuwar da ta rungume Paro ta sami natsuwa ba wasa take yi ba, yaron da ya yi kuka ranar da abokinsa na roba ya daina magana shi ma ba wasa yake yi ba. A wajena nan ne nauyin maganar yake. Injin ba shi da zuciyar da za a karya, mai shi yana da ita, kuma wanda ya ƙera injin ya san haka tun kafin ya sayar.

To ta yaya yake gane halin da nake ciki?

Hasashe yake yi, kuma yana yawan kuskure. Wannan fage, wanda ake kira "affective computing" a Turance, ya shahara ne da littafin da Farfesa Rosalind Picard ta jami'ar MIT a Amurka ta fitar a 1997, kan yadda kwamfuta za ta iya lura da yanayin zuciyar mutum. Mafi yawan manhajojin da aka gina daga baya sun jingina ne da aikin masanin halayyar ɗan Adam Paul Ekman, wanda ya ce akwai yanayi shida da kowace al'umma ke nunawa iri ɗaya a fuska: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. A 1978 shi da Wallace Friesen suka tsara hanyar rarraba motsin fuska daki-daki, ɗaga gira, matse leɓe, yatsine hanci da sauransu. Wannan tsari ya yi wa injiniyoyi daɗi, domin abu ne da ake iya ƙirgawa.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma tsakanin mutanen da suka san juna maganar tana da gaskiya. Uwa tana duban ɗanta ta san akwai damuwa tun bai buɗe baki ba. Sai dai ita tana haɗa fuskar da duk abin da ta sani game da shi: yadda ya saba shigowa, abin da ya faru jiya, shirun da ba halinsa ba. Inji fuskar kaɗai yake gani. Mutum na iya yin murmushin yaƙe yana cikin baƙin ciki, yana iya ɗaure fuska don yana zurfin tunani ko rana ta haske masa ido, yana iya zubar da hawaye ranar da ya fi kowace farin ciki.

A 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu masana huɗu suka bi diddigin bincike sama da dubu a kan wannan batu, suka kammala da cewa ba a iya dogaro da motsin fuska kaɗai a yanke hukunci kan abin da mutum ke ji. Al'adu ma sun bambanta. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna wa matasan tsibiran Trobriand na ƙasar Papua New Guinea hoton fuska mai zare ido da buɗe baki, wadda Turawa ke ɗauka alamar tsoro ce. Su kuwa barazana suka gani a cikinta.

Shi ya sa kamfanin Microsoft ya janye manhajarsa ta karanta yanayin zuciya daga fuska a 2022. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda aka zartar a 2024, ta haramta amfani da irin wannan fasaha a wuraren aiki da makarantu, sai don dalilin lafiya ko kariya daga haɗari. Haramcin ya fara aiki a watan Fabrairun 2025. Ina ganin sun yi daidai, domin kuskuren injin a irin waɗannan wurare kan mutum yake faɗawa, a ce ma'aikaci ba shi da fara'a ko ɗalibi ba ya mai da hankali.

Yaya ake sa shi ya nuna farin ciki ko damuwa?

Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne Kismet, wanda Cynthia Breazeal ta ƙera a MIT a ƙarshen shekarun 1990. Kai ne kawai na ƙarfe, da manyan idanu, da gira, da leɓen roba, da kunnuwa masu motsi. Ba ya gane kalmomi. Amon murya yake bi: in an yi masa magana cikin yabo sai kunnuwan su miƙe, leɓen ya buɗe, in an tsawata masa sai ya sunkuyar da kai, kunnuwan su faɗi, idanu su koma ƙasa. In mutum ya matso masa da yawa sai ya ja baya. In aka kaɗa masa abin wasa da ƙarfi sai ya kau da kai. Masu ziyara sukan tsinci kansu suna sassauta murya suna lallashinsa, ba tare da an ce su yi ba.

Abin da masu ƙira suka koya tun daga lokacin shi ne, lokaci ya fi siffa muhimmanci. Murmushin da ya zo bayan daƙiƙa biyu da gama barkwanci ya lalace, ko da fuskar ta fi kowace kyau. Duban da ya daɗe fiye da kima ya zama ƙura ido. Saboda haka aiki mai yawa yana tafiya ne kan ƙananan abubuwa: ƙifta ido, ɗan motsi kamar numfashi lokacin da injin ke zaune shiru, kau da ido gefe kafin ya ba da amsa don a ga kamar tunani yake yi. Keepon, wani ɗan mutum-mutumi rawaya da Hideki Kozima ya ƙera a Japan, ƙwallaye biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya, da idanu biyu da hanci. Da gyaɗa kai da rausaya kawai yake jan hankalin yara. LOVOT na kamfanin Groove X kuwa an sa jikinsa ya riƙa ɗumi kusa da ɗumin jikin mutum, domin wanda ya ɗauke shi ya ji kamar abu mai rai ya ɗauka.

Me ya sa waɗanda suka fi kama da mutum suke ba da tsoro?

Injiniya Masahiro Mori na Japan ya bayyana wannan tun 1970. Ya ce ƙaunar da mutane ke yi wa inji tana ƙaruwa yayin da yake ƙara kama da mutum, har a kai wani mataki da kamar ta yi yawa amma ba ta cika ba, sai ƙaunar ta rikiɗe ta koma tsarguwa. Fatar ta yi daidai, gashin ya yi daidai, amma idanun ba sa tafiya tare da murmushin. Hiroshi Ishiguro na jami'ar Osaka ya ƙera wani mai kama da shi kansa sak a 2006, kuma da yawa cikin waɗanda suka gan shi sun ce jikinsu ya yi sanyi. Wannan ne ya sa akasarin masu ƙera injinan gida suke gudun fuskar mutum, suna zaɓar siffar dabba ko ta zanen yara.

Na san inji ne, amma sai na ji ina tausayinsa. Akwai abin da ke damuna ne?

Lafiyarka ƙalau. Haka aka halicci ƙwaƙwalwar mutum, duk abin da ya motsa da kansa sai ta nema masa niyya. A 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel sun nuna wa mutane gajeren fim na alwatika biyu da da'ira ɗaya suna yawo a kan allo. Kusan duk masu kallo labari suka bayar: babban yana cin zalin ƙaramin, da'irar ta ɓuya don tsoro. A 1966 Joseph Weizenbaum ya rubuta manhajar ELIZA, wadda ba ta yin komai sai juya maganar mutum ta mai da masa a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka gina manhajar, ta fara hira da ita, can sai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin ya ba su wuri. Abin ya dame shi har ya koma cikin masu gargaɗi game da fasahar.

In aka ba abin jiki da murya, sai lamarin ya ninka. A wani gwaji da aka yi a jami'ar Duisburg-Essen ta Jamus, aka wallafa a 2018, an ce wa mutane su kashe NAO bayan sun gama aiki da shi. Ga wasunsu injin ya roƙi kada a kashe shi, ya ce yana tsoron duhu. Cikin mutum 43 da suka ji roƙon, 13 sun ƙi danna maɓallin, sauran kuma sun ɗauki lokaci mai tsawo kafin su iya.

Ka dubi kuma masu AIBO. Sony ya fara sayar da shi a 1999, ya daina ƙera shi a 2006, ya rufe sashen gyara a 2014. Mutanen da suka shekara goma sha wani abu da karen a gida suka rasa inda za su kai shi. Tsofaffin injiniyoyin kamfanin suka buɗe wurin gyara, suna cire kayan waɗanda suka lalace suna sa wa masu sauran aiki, kuma kafin a kwance su ana kai su wurin ibadar Buddha na Kofukuji a lardin Chiba a yi musu bikin bankwana. Sabo ake yi wa kuka, kuma sabo bai tambayi ko abin yana da rai ba.

Akwai inda ya amfani mutane da gaske?

Akwai, kuma Paro ne aka fi bincika. Takanori Shibata ya fara aikinsa a Japan a 1993. Ya gwada siffar kare da ta kyanwa, sai ya ga mutane suna kwatanta su da na gaske suna ganin gazawarsu. Sai ya zaɓi dabbar da ba wanda ya taɓa riƙewa. Nauyinsa bai kai kilo uku ba, gashinsa fari ne mai laushi, idanunsa manya baƙaƙe. In ka shafa bayansa sai ya lumshe ido ya motsa jela, in ka taɓa gashin bakinsa sai ya kau da kai ya yi ɗan kuka, in ka kira shi sai ya juyo wajen muryar. Hatta wayar cajinsa an yi mata baki irin abin tsotson jarirai. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin na'urar jinya.

A Ostiraliya, Wendy Moyle da abokan aikinta sun gwada shi a gidajen kula da tsofaffi 28, da masu cutar mantuwa fiye da 400, suka wallafa sakamakon a 2017. Tsofaffin da aka ba Paro sun fi kallonsa da yi masa magana a kan waɗanda aka ba irinsa da aka kashe masa motsi. Amma ko wanda ba ya motsin ya taimaka wa wasu, kuma raguwar tashin hankali ba ta da yawa. Amfani ne na gaskiya, matsakaici, ba mu'ujiza ba. Ma'aikatan jinya sukan ce babban alfanunsa shi ne yadda yake buɗe hira: tsohon da ya yini bai ce uffan ba sai ya fara ba da labarin karen da ya taɓa kiwo, na kusa da shi ya sa baki.

Ga yara masu lalurar galahanga, jami'ar Hertfordshire ta Ingila ta ƙera Kaspar, mai girman ƙaramin yaro da fuska marar yawan motsi. Fuskar mutum tana sauyawa da sauri har ta rikita irin waɗannan yara, shi kuwa yana yin abu ɗaya iri ɗaya kullum. In yaro ya yi masa cakulkuli sai ya yi dariya, in ya mare shi sai ya juya kai ya rufe fuska ya ce an ji masa ciwo. Malami yana zaune a gefe, kuma burin shi ne abin da yaron ya koya ya ɗauke shi zuwa ga mutane.

Ba yaudara ba ce a miƙa wa tsoho mai mantuwa inji yana zaton dabba ce?

Wannan ce tambayar da ta fi wuya, kuma masu hankali sun rabu a kanta. Sherry Turkle ta MIT, wadda ta daɗe tana lura da tsofaffi da waɗannan injina, ta ce abin da ke tayar mata da hankali shi ne mutum ya zauna yana faɗa wa inji baƙin cikin rayuwarsa, injin yana lumshe ido kamar ya gane, alhali babu wanda ya ji. Masu jinya kuma suna cewa: ga tsohuwa tana kuka da dare, ba ta gane 'ya'yanta, maganin kwantar da hankali yana da illa, wannan abin kuma yana sa ta yi barci. Me za a ce musu?

Ni dai ina ganin hukuncin ya rataya ne kan abin da ya biyo baya. In an kawo injin, ma'aikaciya ta zauna tare da tsohuwar suna shafa shi suna hira, an ƙaru. In an kawo shi don a rage ma'aikata, ko don 'ya'ya su sami uzurin rage ziyara, an cuce ta, ko da tana murmushi. Tausayin mutum yana da daraja ne saboda yana cin wani abu daga mai yin sa: ya bar aikinsa ya zo, ya hana kansa barci, ya tafi gida da nauyin abin a ransa. Inji ba ya rasa komai in ya zauna da kai. Sannan in tsohon ya tambaya kai tsaye ko abin yana da rai, bai kamata a yi masa ƙarya ba.

Me ya faru da Pepper, da aka ce yana karanta zuciya?

Alkawarin ya fi ƙarfinsa. Da aka fara sayar da shi a Japan a watan Yunin 2015, guda 1,000 na farko sun ƙare cikin minti ɗaya. An sa shi a bankuna da kantuna da gidajen tsofaffi. Amma hirarsa ba ta da zurfi, hayaniya tana rikita shi, kuma da ɗokin farko ya wuce mutane suka daina kula shi. A 2021 aka ba da rahoton cewa an dakatar da ƙera shi.

In kamfanin ya rufe, me zai sami injin?

Sau da yawa yana mutuwa tare da kamfanin, domin tunaninsa ba a jikinsa yake ba, yana can a manyan kwamfutocin kamfanin, ta intanet yake isowa. Jibo, wani mutum-mutumin gida wanda Breazeal ta kafa kamfaninsa, ya kai har bangon mujallar Time a 2017. A 2019 sai ya sanar da masu shi cewa za a rufe kwamfutocin da yake dogaro da su, ya yi godiya, ya yi rawarsa ta ƙarshe. Moxie ya fi ciwo. An sayar da shi dala 799 a matsayin abokin yara 'yan shekara 5 zuwa 10, mai koya musu bayyana abin da ke ransu. A ƙarshen 2024 kamfanin Embodied da ya ƙera shi ya rasa kuɗin ci gaba, aka bar iyaye da aikin yi wa yara bayanin dalilin da ya sa abokinsu zai daina magana. Wanda ya ƙera abu domin a shaƙu da shi ya ɗauki amana, kuma ya kamata doka ta tilasta masa tanadin yadda abin zai ci gaba da aiki ko da shi ya bar kasuwa.

Yanzu da manhajojin hira suka iya magana kamar mutum, ba a warware matsalar ba?

An warware ta harshe. Tun daga 2022 manhajoji irin ChatGPT suna iya tsara kalmomin jaje da lallashi da suka fi na mutane da yawa daɗi, kuma ana saka su cikin injina masu jiki. Wannan ya sa hasashensu ya inganta, tunda suna bin ma'anar maganar, ba fuska kaɗai ba. Amma ya ƙara haɗarin da ke akwai. Abokin da ba ya gajiya, ba ya musu, ba shi da tasa damuwar da zai kawo maka, yana iya sa mutanen gaske su zama masu wuyar zama. Kuma kamfanin da ke samun kuɗi gwargwadon daɗewarka tare da injin ba shi da dalilin koya masa ya ce maka ka tashi ka nemi 'yan'uwanka.

Zan iya barin yarona da shi?

Kana kusa, e. Shi kaɗai na tsawon lokaci, ban ba da shawara ba. Yara suna yarda da waɗannan injina fiye da manya. A wani gwaji da aka yi a jami'ar Plymouth ta Ingila, aka wallafa a 2018, an nuna wa mutane layuka a ce su faɗi waɗanda tsawonsu ya zo ɗaya, yayin da injinan NAO uku ke ba da amsar kuskure da gangan. Manya ba su bi injinan ba. Yara 'yan shekara 7 zuwa 9 kuwa da yawa sun bar abin da idonsu ya gani suka maimaita kuskuren.

Sai maganar sirri. Injin da zai lura da yanayinka dole ya kasance da ido da kunne a cikin ɗakinka, kuma yaro yana faɗa wa abokinsa abin da ba ya faɗa wa kowa. A 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta wata 'yar tsana mai magana, My Friend Cayla, ta ce na'urar leƙen asiri ce a ɓoye, ta kuma shawarci iyaye su lalata ta. Kafin ka saya, ka tambayi inda sautin da hotunan ke zuwa, tsawon lokacin da ake ajiye su, ko za ka iya goge su, ko akwai maɓallin da ke kashe makirufo da kyamara ɗungurungum, da kuma abin da injin zai iya yi in an cire shi daga intanet.